Yadda Ake Haɗa Saƙonnin Imel Su Zama Zaren Hira

Karon farko da na rubuta manhajar jera saƙonnin imel, gajeriyar hanya na bi. Duk saƙonnin da takensu ya zo ɗaya, bayan an cire "Re:" daga gaba, sai in tara su wuri guda in kira su hira ɗaya. Kwana biyu abin yana tafiya lafiya. A rana ta uku na buɗe wani zare mai take "Tambaya", na tarar an cusa mutanen da ba su taɓa sanin juna ba a ɗaki ɗaya. Wannan yana tambayar ranar taro, wancan yana roƙon a sake turo masa wata takarda, kuma tsakanin saƙon farko da na ƙarshe akwai shekara huɗu. A ɗaya gefen, wata muhawara guda ta tsinke gida uku, don kawai wani ya gyara kuskuren rubutu a taken, wani kuma manhajarsa ta Jamusanci ce, ta sa "AW:" a inda na saba ganin "Re:".

Abin ya tsaya mini a rai, domin ɓarnar ta wuce rashin kyan gani. Saƙon da ya ƙunshi kalma biyu, "Na amince", ma'anarsa duka tana rataye ne da saƙon da yake amsawa. In manhajarka ta ajiye shi a ƙarƙashin wata magana daban, ta sa mutum ya amince da abin da bai ma gani ba.

Abin da na koya daga baya, wanda zan shimfiɗa maka a nan, shi ne cewa kowane saƙo yana ɗauke da nasabarsa a jikinsa. Aikin manhaja ta karanta nasabar nan, ta tanadar wa kowane magabaci da aka ambata gurbinsa ko da ba ya nan, sannan ta bar take ya zama dabarar ƙarshe in komai ya ƙi.

Nasabar da ke cikin kanun saƙo

A saman kowane saƙo akwai layukan da mai karatu ba ya cika gani. Uku daga ciki su ne jarinmu. Message-ID sunan yanka ne na saƙon, wanda bai kamata wani saƙo a duniya ya sake ɗauka ba, ana rubuta shi tsakanin alamomin < da >, da @ a tsakiya. In-Reply-To yana faɗin sunan saƙon da ake amsawa, wato uwa. References kuma yana jero silsilar duka, daga kakan farko har zuwa uwa, tsoho a hagu, na kusa a dama. A ce A ya yi tambaya, B ya amsa masa, C kuma ya amsa wa B. Kanun C za su kasance haka:

Message-ID: <c@gida3>
In-Reply-To: <b@gida2>
References: <a@gida1> <b@gida2>

Layukan nan uku suna cikin RFC 822, ƙa'idar imel da David Crocker ya tsara a 1982 (RFC suna ne na takardun ƙa'idojin intanet, kowace da lambarta). Sai dai ƙa'idar ta bar ƙofa a buɗe, ta yarda a sa magana irin ta mutane a cikin In-Reply-To. Shi ya sa a tsofaffin saƙonni za ka ga layin yana cewa, da Turanci, amsa ce ga saƙon wane na ranar kaza, wani lokaci har da adireshin mutumin a tsakanin < da >, wanda in ba ka lura ba sai ka ɗauka sunan saƙo ne. Zaurukan Usenet, tsofaffin dandalin muhawara ta kwamfuta, waɗanda Tom Truscott da Jim Ellis suka ƙirƙiro tunaninsu a Jami'ar Duke ta Amurka a 1979, sun fi tsanani a nan: RFC 1036 ta 1987 ta wajabta References a kan duk saƙon da yake amsa ne, ta kuma hana shi a saƙon da ya buɗe sabuwar magana. Imel bai ɗaure nasa ba sai a RFC 2822 ta 2001, wadda RFC 5322 ta gaje ta a 2008. Amma tsofaffin saƙonni ba su gyaru don an fito da sabuwar ƙa'ida ba, suna nan a rumbunan mutane yadda aka rubuta su, kuma manhajarka za ta gamu da su.

Don haka matakin farko shi ne tsamo sunaye da taka-tsantsan. Daga References, ɗauki duk abin da ke tsakanin < da >, a jere yadda ya zo, ka watsar da sauran tarkace. Tuna cewa dogon layi ana naɗe shi ya sauko layi na biyu da na uku, sai ka warware shi tukuna. In babu References, ko yana nan amma babu suna mai kyau ko ɗaya a ciki, ɗauki suna na farko da ka samu a In-Reply-To, shi kaɗai. In duka biyun suna nan fa? Masana sun ɗan saɓa. Jamie Zawinski, wanda ya rubuta hanyar da aka yi amfani da ita a Netscape Mail and News 2.0 da 3.0, kuma manhajoji da yawa daga wurinsa suka ɗebo, ya ce a ɗauki na In-Reply-To a ƙara shi a ƙarshen References. RFC 5256 ta 2008, wadda Mark Crispin da Kenneth Murchison suka rubuta don sabobin IMAP (wato kwamfutocin da ke ajiye wa mutane imel, IMAP kuma hanyar da manhaja ke karanto shi daga can), ta ce in References yana da kyau a tsaya a kansa. Ni nakan ƙara shi ne kawai in ba ya cikin jerin tun farko. Kuma kada ka mayar da manyan baƙaƙe ƙanana yayin gwada sunaye biyu. Gwada su harafi da harafi yadda suke.

Saƙo biyu za su ba ka matsala tun a nan: wanda ba shi da Message-ID ko kaɗan, da wanda ya zo da sunan da wani saƙo ya riga ya ɗauka. Dukansu ƙirƙira musu suna na cikin gida wanda ba zai yi karo da na kowa ba. Sai dai ka fara dubawa ko na biyun kwafi ne na saƙo ɗaya, kamar wanda ya iso maka ta hanya biyu, ko wanda kwafinsa ke akwatin abin da ka aika. In kwafi ne, haɗe su. In abin da ke ciki ya bambanta, kada ka yarda ɗaya ya danne ɗaya, domin ɓatar da saƙon mutum ya fi jera shi a wurin da bai dace ba muni.

Gurbi, ko da babu mai shi

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne na fi daɗewa kafin in gane. Kada ka haɗa saƙo da saƙo kai tsaye. Ƙirƙiri wani abu a tsakani, ni ina kiransa gurbi. Kowane gurbi yana da wurin saka saƙo, yana da uwa, yana da jerin 'ya'ya. Wurin saƙon yana iya zama wayam. Sai ka buɗe jadawali guda, mabuɗinsa sunan saƙo, abin da yake nunawa kuma gurbi.

Me ya sa za a ɓata wuri a kan saƙon da babu shi? Domin rashin saƙo shi ne halin yau da kullum. A Usenet, saƙo yana bin sabobi ne daga wannan zuwa wancan, ta hanyoyi daban-daban, don haka amsa tana iya riga tambaya isowa, kuma sabar tana share tsofaffin saƙonni bayan wani lokaci. A imel kuwa, wataƙila an sako ka cikin maganar ne a saƙo na bakwai, ko ka goge na farko, ko amsoshinka suna wani akwati daban. A ce A ya ɓace, amma B da D duka amsa ce gare shi. In saƙo da saƙo kake haɗawa, B da D za su fito a matsayin baƙin juna. In kuwa ka tanadar wa A gurbinsa tun lokacin da ka ga sunansa a kanun B, to da D ya iso zai tarar da gurbin, ya zauna kusa da ɗan'uwansa. Ranar da A kansa ya iso, shiga kawai zai yi, 'ya'yansa suna jiransa.

Ga yadda za ka bi kowane saƙo, ba tare da damuwa da wanda ya riga wani ba. Nemi sunansa a jadawali. In akwai gurbi wayam mai sunan, saka shi ciki. In babu, buɗe sabo. Daga nan bi jerin References daga hagu zuwa dama, kowane suna ka nemo gurbinsa ko ka buɗe masa wayam, kana ɗaura su biyu-biyu: na farko uwar na biyu, na biyu uwar na uku, har ƙarshe. A wannan ɗaurin akwai sharaɗi biyu da ba a karya su.

Sharaɗi na farko: in gurbin yana da uwa tun da, kada ka sauya masa. Abin da jika ya faɗa game da kakanninsa ji-ta-ji-ta ce, mai yiwuwa an gutsure jerin a hanya. Sharaɗi na biyu: kada ka ɗaura abin da zai haifar da kewaye. Kafin ka ce X uwar Y ce, hau daga X zuwa sama, uwa bayan uwa. In ka ci karo da Y a hanya, ko X ɗin shi ne Y, fasa ɗaurin, ka wuce.

Na san za ka ce ta yaya saƙo zai zama kakan kansa. Ni ma haka na ce, har ranar da manhajata ta tsaya cik a kan wani tsohon rumbu, kwamfutar tana ta huci, ba ta ci gaba ba kuma ba ta faɗi ba. Da na bi sawu, sai na samu saƙo guda da wata manhaja ta sa sunansa a cikin References ɗinsa. Shi kaɗai ya isa ya sa mai hawa bishiyar ya yi ta zagaye har abada. Akwai kuma waɗanda jerin ya zo a juye, da waɗanda suna ɗaya ya maimaitu sau biyu. Kanun saƙo daga waje suke zuwa, kowa yana iya rubuta abin da ya ga dama a ciki, har da mai mugun nufi da ya san saƙo ɗaya zai iya daskarar da manhajar dubban mutane. Binciken kewaye layi biyar ne ko shida. Rubuta shi tun ranar farko.

Bayan an gama da kakanni, sai a zo kan saƙon kansa. Uwarsa ita ce suna na ƙarshe a jerin. A nan, saɓanin ɗazu, in gurbinsa yana da uwa tun da, kwance ta ka ɗaura sabuwa, domin yanzu mai abu ne yake magana da bakinsa. Misali zai fayyace. Hira ta yi tsawo, A, B, C, D, E, F, G. Manhajar mai rubuta G ta rage jerin don ya yi yawa, ta bar A, E, F. In G ya fara zuwa hannunka, za ka ɗaura E a ƙarƙashin A, bisa zato. Da E ya iso ya ce uwata D ce, sai ka cire shi daga 'ya'yan A ka mayar da shi ƙarƙashin D. Kada ka manta cirewar, in ba haka ba zai bayyana a wuri biyu. Kuma ko a nan ma sai an yi binciken kewaye.

Da ka gama da saƙonni duka, tattara guraben da ba su da uwa. Su ne tushen zarurrukanka.

Sai shara. Guraben wayam sun gama amfaninsu na haɗa 'yan'uwa, yawancinsu bai kamata mai karatu ya gan su ba. Gurbin da babu saƙo kuma babu 'ya'ya, share shi. Wanda babu saƙo amma yana da 'ya'ya, cire shi ka ɗaga 'ya'yan su maye matsayinsa a ƙarƙashin uwarsa. Togaciya ɗaya ce, kuma ita ce mutane suka fi mantawa: in gurbin wayam ɗin tushe ne, kuma 'ya'yansa sun wuce ɗaya, bar shi. In ka cire shi, B da D da ka sha wahalar haɗawa za su sake watsewa su zama zare biyu. In ɗa ɗaya ne tak, ɗaga shi ya zama tushen. Fara sharar daga ƙasa zuwa sama, domin share jika yana iya mayar da uwarsa abar sharewa.

Ni dai ina son a bar wa mai karatu alama inda aka cire saƙo a tsakiya. Manhajar karanta imel mai suna mutt tana iya sa alamar tambaya a jikin reshe don nuna akwai saƙon da ba ya nan. Gaskiya ce ƙarama amma mai amfani, tana hana mutum ya zaci C yana amsa wa A kai tsaye alhali B ne ya tunzura shi.

Take: kama da wane ba ta wane

Bayan duk wannan, za a samu ragowar saƙonnin da a fili amsa ce, suna da "Re:" a gaba, amma babu References babu In-Reply-To. Wasu manhajoji ba sa sa su, wasu hanyoyin da saƙo ke bi suna gogewa, wasu mutane kuma kwafe take suke yi su buɗe sabon saƙo. Saboda waɗannan marayu ne kaɗai ake komawa ga take, kuma a kan tushen zarurruka kawai ake yi. Saƙon da ya riga ya sami uwa ta nasaba, take ba shi da ikon taɓa shi.

Kafin ka gwada take biyu, sai ka tsiraita su. Fara da warware rufin RFC 2047 na 1996, wanda ake lulluɓe duk harafin da ba na Turanci ba da shi. Take kamar "Ƙarin bayani" yana iya zuwa a lulluɓe iri biyu, wata manhaja ta fara da =?UTF-8?B? wata da =?UTF-8?Q?, a ido sun bambanta, a warware kuma abu ɗaya ne. Sannan mayar da tazara mai yawa ta zama ɗaya. Sannan cire "Re:", "Fw:", "Fwd:" da irin su "Re[2]:", da laƙabin da wasu sabobi ke maƙalawa a cikin baka mai kusurwa, wato [ ], kana maimaitawa har sai babu abin cirewa, domin za ka ga "Re: Re: Fwd: Re:" a jere. RFC 5256 ta bayyana wannan tsiraitawar mataki-mataki, ya kamata ka karanta ta da kanka.

Ita "Re", kamar yadda RFC 5322 ta faɗa, daga Latin take, ma'anarta "game da batun", don haka ba ta buƙatar fassara. Duk da haka an fassara ta: Jamusawa suna da "AW:", mutanen Suwidin da Denmak da Norwe "SV:", 'yan Finlan "VS:", 'yan Holan "Antw:", 'yan Folan "Odp:". Riƙe jerin waɗanda ka sani, ka cire su kaɗai. Kada ka yi dokar cewa duk gajeriyar kalma mai ɗigo biyu a gaba a cire ta, domin za ka cinye take na gaskiya irin "Gyara: ranar taro". In bayan tsiraitawa ba abin da ya rage, ƙyale saƙon shi kaɗai. Saƙonni marasa take ba dangin juna ba ne.

In take biyu sun dace, ga hukuncin Zawinski, kuma ban ga wanda ya fi shi ba. In ɗaya yana da "Re:" ɗaya babu, mai "Re:" ya zama ɗa. In ɗaya gurbi ne wayam, ɗayan ya shiga cikin 'ya'yansa. In duka wayam ne, a haɗe 'ya'yansu. In kuwa duka suna da "Re:", ko duka babu, to ba ka san wanda ya haifi wani ba, sai ka buɗe sabon gurbi wayam ka sa su a matsayin 'yan'uwa. Hikimar ita ce kada manhaja ta ƙirƙiro iyayen da ba ta da hujja a kansu.

Amma ni na ƙara wa matakin nan takunkumi, saboda zaren "Tambaya" da na ba ka labari. Ba na haɗa saƙo biyu da duka babu "Re:", domin mutum biyu da suka buɗe magana da take ɗaya, magana biyu ce. Ba na haɗawa in tazarar lokaci ta yi nisa, ni wata ɗaya na zaɓa, kai kana iya zaɓar naka. A imel kuma nakan duba ko akwai mutum ko ɗaya da ya fito a saƙonnin biyu, a matsayin mai aikawa ko mai karɓa. Ka kuma ba mai amfani makunnin kashe matakin gaba ɗaya, kamar yadda mutt ke da strict_threads. Ita mutt har tauraro take sa wa reshen da aka ɗaura ta take, don a san zato ne.

Akwai kishiyar wannan matsala. Mutum yana son ya buɗe sabuwar magana, ya ƙi neman adireshi, sai ya buɗe tsohon saƙo ya danna amsa, ya goge take da komai ya rubuta nasa. A idonsa sabon saƙo ne, amma References ya tafi da nasabar tsohon, sai maganarsa ta nutse a cikin zaren bara. Ƙa'idar JMAP, wata hanyar da manhaja ke karanto imel daga saba, RFC 8621 ta 2019, ta ba da shawarar a haɗa saƙo biyu ne kawai in sun yi tarayya a suna kuma takensu tsirara ya zo ɗaya. Gmail ma yana raba hira in take ya sauya. Wannan yana da amfani a akwatin mutum na yau da kullum. A zaurukan muhawara kuwa ban yarda da shi ba, domin can sauya take a tsakiyar zare ladabi ne, ana yi don a nuna magana ta karkata, kuma mai karatu yana son ya ga daga inda ta karkato. Zaɓi bisa ga waɗanda kake rubuta wa manhajar.

Jeri, da abin da ido zai gani

Sai yanzu, a ƙarshe, ake jeri. Jera 'yan'uwa a junansu bisa layin Date, bayan ka mayar da duka zuwa agogon UTC, agogon bai-ɗaya na duniya, in ba haka ba amsar da aka rubuta a Tokiyo za ta rikice da ta Landan. Layin Date agogon mai aikawa ne, yana iya yin ƙarya, za ka ga saƙon da ke da'awar 1970 ko shekara goma nan gaba. In ba ya karantuwa, koma ga lokacin da saƙon ya iso sabar. Daɗin bishiya shi ne ko agogo ya karkace, ɗa ba zai taɓa hawa saman uwarsa ba. Gurbi wayam kuma yana aron kwanan ɗansa na farko.

Su zarurrukan fa? RFC 5256 tana jera su bisa kwanan tushe. Ni na fi son bisa saƙo mafi sabunta a cikin zaren, domin in wani ya amsa maganar wata shida da suka wuce, ina so in gan ta a sama yau.

Ko za ka nuna bishiya mai rassa, kamar yadda manhajar trn ta Wayne Davison ta saba wa masu karanta Usenet, ko jeri miƙaƙƙe irin wanda Gmail ya zo da shi a 2004, wannan shawarar nuni ce, kada ta shiga cikin lissafi. Gina bishiyar a ciki ko da miƙaƙƙe za ka nuna. Daga bishiya ana samun jeri cikin sauƙi, daga jeri kuwa ba a dawo da bishiya. A kan waya, tsayar da tura rubutu zuwa dama bayan hawa biyar ko shida. Kuma in aikinka mai bin rassa yana kiran kansa da kansa, ka sani zare mai zurfin dubbai zai iya kifar da shi, gara ka bi da madauki da jerin jira naka.

Duk wannan ba ya buƙatar jikin saƙo ko ɗaya, shi ya sa yake da sauri. A NNTP, hanyar karanto saƙonnin Usenet daga saba, umarnin OVER na RFC 3977, wanda tsofaffin sabobi suka sani da XOVER, yana ba ka take, kwanan wata, Message-ID da References na saƙonni masu yawa a tafi ɗaya. A IMAP akwai tarko: ENVELOPE, taƙaitaccen bayanin kanun saƙo da sabar ke bayarwa, yana ba da Message-ID da In-Reply-To, amma babu References a ciki. Sai ka nemi layin da kansa, kuma da umarnin BODY.PEEK, don kada a sa wa saƙonnin mutum alamar an karanta. In sabar tana tallata THREAD=REFERENCES, tana iya yi maka aikin duka, sai dai a cikin akwati ɗaya, ba za ta jawo amsoshinka daga akwatin aikawa ba. Za ka kuma ga Thread-Index a saƙonnin Outlook da Exchange: bayit 22 na farko suna nuna hirar, kowace amsa tana ƙara bayit 5. Ina amfani da shi ne kawai ga saƙon da ba shi da References, kafin in koma ga take.

In kana ajiye sakamako don kada ka sake lissafi kullum, ajiye guraben wayam ɗin ma, tun kafin shara. Saƙo ɗaya da ya iso a makare yana iya haɗe zare biyu da ka daɗe kana ɗauka daban ne, don haka kada lambar zare ta zama abin da ba ya sauyuwa.

Manhajarka ma tana aikawa, kuma nan ne hakkin wasu yake wuyanka. Yayin amsa, kwafi References na uwa, ka ƙara Message-ID ɗinta a ƙarshe, ka sa sunanta shi kaɗai a In-Reply-To, babu wata magana. In uwar ba ta da References amma tana da In-Reply-To mai suna ɗaya, fara jerin da shi. In jerin ya yi tsawo, RFC 5537 ta 2009 ta sa wa Usenet iyakar haruffa 998, ta ce a rage daga tsakiya, amma kada a taɓa na farko da biyun ƙarshe. Na farko shi ke riƙe zaren duka, na ƙarshe su ke nuna gurbinka. Ni a imel ma haka nake yi. "Re:" guda ɗaya ka sa, da wannan rubutun, kowane harshe manhajarka take magana da shi.

Kafin ka saki aikin, haɗa ɗan rumbun gwaji da hannunka: saƙon da ya ambaci kansa, biyu da ke kiran juna uwa, amsoshi uku da tushensu ya ɓace, jerin da aka gutsure a tsakiya, suna ɗaya a saƙo biyu mabambanta, take wayam, da "Tambaya" guda biyu da shekara huɗu ta raba. Sannan yi gwajin da ya fi kama mini kurakurai: hautsina jerin saƙonnin, ka ciyar da manhajar, ka sake hautsinawa, sau ɗari. A kan saƙonnin da nasabarsu ba ta saɓa wa juna ba, bishiyar da za ta fito dole ta zama iri ɗaya kowane karo. In ta bambanta ko sau ɗaya, fara dubawa daga wurin da saƙo ke kwance tsohuwar uwarsa ya ɗaura sabuwa, domin a nawa aikin can na sami kuskuren: na ɗaura E a ƙarƙashin D, na bar sunansa a cikin 'ya'yan A.